Sharhi: An Ninka Guraben Karatun Likitanci, Saura Masu Koyarwa da Masu Biya

A shekarar 2022 wani labari ya fito daga Ibadan wanda ya ja hankalin masu bibiyar ilimin likitanci a ƙasar nan. Dakta Philip Ozuah, tsohon ɗalibin Kwalejin Likitanci ta Jami'ar Ibadan, wanda ke shugabantar rukunin asibitocin Montefiore a birnin New York na Amurka, ya ba da gudummawar dala miliyan 1 domin gina ɗakunan kwanan ɗalibai a makarantar da ta yaye shi. Ƙungiyar tsofaffin ɗaliban kwalejin, ICOMAA, ita ce ta haɗa hannu da hukumar makarantar wajen neman kuɗin, domin masaukin da ake da shi ya daɗe da yi wa ɗalibai kaɗan.

A watan Fabrairun 2024 kuma, wata tsohuwar malama mai suna Ruth Gottesman ta bai wa Kwalejin Likitanci ta Albert Einstein kyautar dala biliyan 1, da nufin kada a sake karɓar kuɗin makaranta daga hannun ɗalibanta. Wannan kwaleji tana cikin rukunin da Dakta Ozuah ɗin nan yake jagoranta. Bayan wata biyar, attajirin nan Michael Bloomberg ya ba Jami'ar Johns Hopkins, inda ya yi karatu, wata dala biliyan 1, wadda ta ɗauke wa mafi yawan ɗaliban likitancinta kuɗin makaranta.

Waɗannan labarai sun nuna abin da Najeriya ta rasa da kuma abin da za ta iya samu. Likitan da aka horar da dukiyar talakawan ƙasar nan ya kai matsayin riƙe ɗaya daga cikin manyan cibiyoyin lafiya na Amurka, kuma bai manta da gida ba. Tambayar da ke gaban hukumomi a yanzu, bayan da gwamnatin tarayya ta ƙuduri aniyar ninka yawan likitocin da ake yayewa, ita ce: wane gurbi ya dace irin wannan taimako ya cike, wane nauyi ne kuma ba za a taɓa sauke shi daga wuyan gwamnati ba?

Girman giɓin

A watan Maris na 2024, Ministan Lafiya, Farfesa Muhammad Ali Pate, ya bayyana cewa likitoci masu lasisi da ke ƙasar nan kusan 55,000 ne, ga al'ummar da ta haura miliyan 200. Ya ce kimanin 7,600 daga cikinsu suna Legas, wasu 4,700 kuma suna Abuja. Ke nan birane biyu kawai sun kwashe fiye da kashi ɗaya cikin biyar na likitocin ƙasa, sauran jihohi 35 suna rabon abin da ya rage. Duk wanda ya taɓa kai majinyaci babban asibitin wata ƙaramar hukuma da tsakar dare, a Zamfara ko Ebonyi ko Taraba, ya san ma'anar waɗannan alƙaluma ba tare da an yi masa bayani ba.

A watan Afrilun 2025, ministan ya ƙara da cewa likitoci sama da 16,000 sun bar ƙasar a cikin shekaru biyar zuwa bakwai, kuma horar da likita guda yana cin fiye da dala 21,000. Idan aka haɗa alƙaluman biyu, kuɗin horon da ya tsallaka teku ya haura dala miliyan 330. Hukumar Lafiya ta Duniya ta sanya Najeriya cikin ƙasashe 55 da ta ce suna fama da matsanancin ƙarancin ma'aikatan lafiya a jerin da ta fitar a 2023, abin da ya sa Birtaniya ta hana hukumominta zuwa neman ma'aikata kai tsaye daga nan. Sai dai hanin bai shafi likitan da ya nemi aiki da kansa ba, don haka hanya tana nan a buɗe.

Amsar da gwamnati ta bayar ita ce a ƙara yawan masu shiga. An sanar da ɗaga guraben karatun likitanci daga kusan 5,000 zuwa 10,000 a shekara, na dukkan fannonin lafiya kuma, har da aikin jinya da unguwarzoma da haɗa magunguna, daga 28,000 zuwa 64,000. A watan Agustan 2024 Majalisar Zartarwa ta amince da manufar ƙasa kan ƙaurar ma'aikatan lafiya. A 2025 kuma Ministan Ilimi, Dakta Tunji Alausa, ya sanar da ware naira biliyan 110 daga asusun TETFund domin gyara da faɗaɗa makarantun likitanci a jami'o'i 18 na shiyyoyi shida. Kafin wannan an riga an kafa jami'o'in kimiyyar lafiya na tarayya a Otukpo da Azare da Ila-Orangun. Babu mai musun cewa waɗannan matakai ne masu nauyi, kuma an daɗe ba a ga irinsu ba.

Yadda ake ƙera likita

Sai dai karatun likita ya sha bamban da sauran karatuttukan jami'a, inda malami ɗaya zai iya tsayawa gaban ɗalibai 500 da lasifika a hannu. Ɗalibi yana shafe shekara shida idan babu yajin aiki. Bayan shekarar share fage, yana koyon sassan jikin ɗan Adam da yadda gaɓoɓi ke aiki da sinadaran jiki, daga nan ya shiga ilimin cututtuka da na magunguna. Shekarun ƙarshe kuwa a asibiti ake yin su, a sashen tiyata da na yara da na mata da haihuwa da na cututtukan manya da na lafiyar al'umma.

A wannan mataki ne lissafi yake canzawa. Sauraron bugun zuciya, da lalubar ciki don gane kumburin hanta, da karɓar haihuwar da ta zo da gardama, duk a gefen gado ake koyon su, a bayan babban likita lokacin zagayen marasa lafiya. Gado ɗaya ba ya ɗaukar ɗalibai 40, kuma majinyaci mutum ne mai mutunci da gajiya. Wannan ne dalilin da ya sa Hukumar Kula da Aikin Likitanci ta Najeriya, MDCN, take ƙayyade wa kowace makaranta adadin ɗaliban da za ta ɗauka, bisa yawan malamanta da gadajen asibitinta da ɗakunan gwaje-gwajenta da masaukin ɗalibanta.

Bayan kammalawa akwai shekara ɗaya ta aikin sanin makama a asibitin da aka amince da shi, kuma sai an yi ta ake samun cikakken lasisi. Ko a lokacin da guraben shiga ba su wuce 5,000 ba, an sha jin koken sababbin likitoci da ke zaman watanni suna jiran wurin yin wannan aiki. Daga nan sai hidimar ƙasa, sannan mai son ƙwarewa ya shiga horon da kan ɗauki shekara biyar zuwa bakwai kafin ya zama babban likitan da zai iya koyar da wasu. Ma'ana, ɗalibin da aka ɗauka yau ba zai zama malami ba sai bayan shekara 13 ko fiye. Gini kuwa ana iya gama shi cikin shekara biyu.

Saboda haka ainihin ƙarancin yana wajen masu koyarwa. Waɗanda ke tafiya ƙetare ba sababbin yaye kaɗai ba ne, har da manyan likitoci da masu dab da kammala horon ƙwarewa, wato waɗanda ake sa ran za su gaji allo. Ƙungiyar manyan likitoci ta MDCAN ta daɗe tana ƙorafi kan tsarin albashin likitocin da ke koyarwa a jami'o'i, ƙungiyar likitoci masu neman ƙwarewa ta NARD kuma ta sha shiga yajin aiki kan kuɗin horo da bashin albashi. Idan aka ninka ɗalibai alhali malamai suna raguwa, za a sami takardun shaida da yawa, amma ingancin hannun da zai riƙe wuƙar tiyata shi ne zai shiga haɗari. Sunan da likitocin Najeriya suka yi a duniya, wanda ya faro daga Kwalejin Ibadan ta 1948 da asibitinta na koyarwa na 1957, ya bi ta Legas da Zariya da Inugu, da irin wannan horo na kusa da kusa aka gina shi.

Akwai kuma kuɗin tafiyar da harkokin yau da kullum, wanda ba a yanka masa kirtani ko kiran 'yan jarida. Daga ƙarshen 2024 zuwa farkon 2025, Asibitin Koyarwa na Ibadan ya shafe sama da kwana 100 a yanke daga layin lantarki saboda bashi, har ɗalibai suka fito zanga-zanga. A watan Satumban 2024 ambaliyar madatsar Alau ta mamaye sassan Asibitin Koyarwa na Jami'ar Maiduguri, ta lalata na'urori masu tsada. A duk ranar da asibitin koyarwa ya tsaya, karatun likita ma ya tsaya.

Darasin tura ɗalibai waje

Jihohi da dama, musamman na Arewa, sun daɗe da neman gajeriyar hanya ta hanyar tura ɗalibai ƙasashen waje. Kano da Jigawa suna cikin waɗanda suka yi fice a wannan, kuma tsarin ya samar da likitoci, ciki har da mata da yawa waɗanda ake matuƙar buƙata a sashen haihuwa. Amma abubuwa uku sun nuna iyakarsa. Yaƙin Yukren na 2022 ya katse karatun ɗaliban Najeriya masu yawa. Yaƙin Sudan da ya ɓarke a watan Afrilun 2023 ya tilasta kwaso ɗalibai ta kan iyakar Masar da tashar Port Sudan, da yawansu a tsakiyar karatun likita. Sannan sauya tsarin canjin kuɗi a watan Yunin 2023 ya kai dala daga wajen naira 460 zuwa sama da 1,500 a shekarar da ta biyo baya, ya ninka kuɗin kowane ɗalibi fiye da sau uku. Wanda ya dawo kuma sai ya ci jarrabawar tantancewa ta MDCN kafin ya fara aiki.

Hausawa na cewa kwaɗayi mabuɗin wahala, amma a nan larura ce ta kai jihohin, ba kwaɗayi ba. Duk da haka darasin a fili yake: kuɗin da za a zuba a makarantar gida yana barin malami da na'ura da asibiti waɗanda za su amfani ajin baya, wanda aka kai waje kuwa yana ƙarewa da ɗalibi ɗaya.

Inda tsofaffin ɗalibai suka fi amfani

A nan ne batun tsofaffin ɗalibai ya shigo. Kusan kowace tsohuwar makarantar likitanci a ƙasar nan, daga ta Jami'ar Ahmadu Bello da aka buɗe a 1967 zuwa na Maiduguri da Jos da Ilorin da Sakkwato da Kano, tana da 'ya'ya a manyan asibitocin Birtaniya da Amurka da Kanada da Saudiyya. Akwai ƙungiyoyi irin su ANPA ta likitocin Najeriya mazauna nahiyar Amurka, da MANSAG ta mazauna Birtaniya. Ministocin nan biyu ma tsofaffin ɗalibai ne da suka yi aiki a waje suka dawo: Farfesa Pate daga Zariya ya fito, Dakta Alausa daga Legas.

Abin da aka saba gani shi ne 'yan aji ɗaya su haɗu bayan shekara 20 ko 25 da kammalawa, su yi karo-karo, su gyara ɗakin karatu ko su tona rijiyar burtsatse ko su sayi mota, a manna allo mai ɗauke da sunan ajinsu. Wannan alheri ne, kuma ba a raina shi. Amma tunda TETFund ya ɗauki nauyin gine-gine da biliyoyin naira, hikima ita ce tsofaffin ɗalibai su karkata zuwa inda kuɗin gwamnati ba ya isa da sauƙi.

Na farko shi ne lokacinsu. Ƙwararren likitan ƙwaƙwalwa ko na ciwon daji da zai ba makarantarsa mako huɗu a shekara, ya zagaya da ɗalibai, ya shiga ɗakin tiyata da masu neman ƙwarewa, ya ci gaba da bibiyarsu ta intanet bayan ya koma, ya ba da abin da ba a saye a kasuwa. Wannan ya fi ziyarar jinya ta mako guda, wadda ake yi wa mutane aiki a tafi a bar su ba mai bibiya. Abin da ake buƙata daga hukumomi shi ne sauƙaƙa sabunta lasisi ga irin waɗannan likitoci, da ba su matsayin malamai masu ziyara a hukumance, da tsara jadawalin da zai sa zuwansu ya dace da manhajar karatu.

Na biyu shi ne asusun dindindin. Wannan ba baƙon abu ba ne a wurinmu, domin shi ne wakafi: a ajiye dukiya, a riƙa cin ribarta, uwar kuɗi tana nan. Kyautar Gottesman da ta Bloomberg da aka ambata a sama ba gini aka yi da su ba, ribarsu ce za ta riƙa biyan kuɗin ɗalibai shekara bayan shekara. Ba sai an sami mai dala biliyan ba. Tsofaffin ɗalibai 1,000 da za su riƙa ba da dala 50 a wata za su tara dala 600,000 a shekara. Da ribar irin wannan asusu ana iya ƙara wa malaman fannonin da suka fi ƙaranci alawus, kamar masu koyar da sassan jiki da masu binciken cututtuka da masu sa barcin tiyata, a biya wa matasan malamai kuɗin bincike da na jarrabawar ƙwarewa, a kuma kula da na'urorin da aka saya kada su mutu saboda rashin ƙaramin gyara.

Na uku shi ne ɗalibin da ba shi da gata. Tun daga 2023 jami'o'in tarayya da yawa suka ƙara kuɗin rajista, kuma na ɗaliban likitanci ya fi na kowa. Asusun lamunin karatu na NELFUND da ya fara aiki a 2024 ya rage raɗaɗi, sai dai littattafai da kayan aiki da abinci na shekara shida nauyi ne da ke iya karya ɗan manomi ko 'yar ƙaramin ma'aikaci. Wannan batu ya wuce tausayi kawai. Tun a 2010 Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawarar a riƙa ɗaukar ɗalibai daga karkara, saboda bincike ya nuna su ne suka fi komawa su yi aiki a can. Ƙasar Thailand ta bi wannan hanya tun shekarun 1990, tana ɗaukar 'yan karkara, tana horar da su a asibitocin larduna, tana mayar da su yankunansu. Tallafin tsofaffin ɗalibai da zai nemo hazikan yara daga ƙananan hukumomin da ba su da likita zai taɓa matsalar rabon nan da ta tara likitoci a Legas da Abuja.

Sharaɗin amana

Duk wannan ba zai yiwu ba sai da amana. Abin da ya fi sanyaya gwiwar masu bayarwa shi ne tsoron kuɗi ya shiga aljihun da ba a nufa ba, ko aikin ya tsaya da zarar an canza shugaban makaranta. Maganin wannan sananne ne: asusu mai rajista da kwamitin amintattu wanda ya haɗa tsofaffin ɗalibai da jami'a, da binciken kuɗi daga waje, da rahoton shekara da kowa zai iya karantawa. Makarantun su ma sai sun gyara alaƙarsu da 'ya'yansu. Wanda ya sha wahalar watanni kafin a aika masa da takardun sakamakonsa ba zai yi saurin buɗe jaka ba ranar da aka zo neman gudummawa.

Gwamnati tana iya ƙarfafa wannan da tsarin haɗin gwiwa, inda TETFund zai ɗora naira a kan kowace naira da tsofaffin ɗalibai suka saka a asusun dindindin, tare da fifita sababbin makarantu. Dalili shi ne makarantar da aka buɗe shekara biyar da suka wuce ba ta da tsohon ɗalibi ko ɗaya mai ƙarfin bayarwa. Idan aka bar kowa da 'ya'yansa, Ibadan da Legas da Zariya za su ƙara gaba, Azare da Otukpo su tsaya kallo, alhali yankunansu ne suka fi buƙatar likitoci.

Nauyin da ba ya sauka

A ƙarshe, gudummawa ba ta maye gurbin kasafi. A 2001 shugabannin Afirka suka yi alƙawari a Abuja cewa za su ware wa lafiya kashi 15 cikin 100 na kasafin kuɗinsu. Kason lafiya a kasafin tarayya ya daɗe yana yawo a wajen kashi biyar. Albashin malamai, da guraben sanin makama da na horon ƙwarewa, da wutar asibiti, da tsaron likitan da aka tura ƙauye, duk haƙƙi ne a kan gwamnatin tarayya da na jihohi.

Tilastawa ma ba ta isa ba. A 2023 wani ƙudiri a Majalisar Wakilai ya nemi a hana likita cikakken lasisi sai ya yi wa ƙasa aiki na shekara biyar, ƙungiyoyin likitoci suka yi masa ca. Yarjejeniyar aiki ga wanda jiha ko wani asusu ya ɗauki nauyinsa adalci ce, tunda da saninsa ya sa hannu. Amma wanda aka tsare da doka a asibitin da babu wuta babu safar hannu, ranar da wa'adinsa ya cika zai kama hanya. Ɗibar ruwa da kwando, komai yawan masu ɗiba, randa ba ta cika.

Ɗaliban da aka ɗauka a ƙarƙashin sababbin gurabe za su isa gefen gadon majinyata bayan shekara uku ko huɗu da shigarsu. Kafin wannan lokaci ya kamata a ce an tanadi wanda zai tsaya a gabansu ya nuna musu yadda ake yi. Ma'aunin nasarar wannan shiri shi ne ko matar da naƙuda ta tsananta mata a wani ƙauye na Yobe ko Kuros Riba za ta tarar da likita a asibiti, kuma likitan ya san aikinsa. Gwamnati ta buɗe ƙofar shiga, tsofaffin ɗalibai suna da abin da za su kawo. Abin da ya rage shi ne kowane ɓangare ya san kayansa, ya ɗauka tun rana ba ta yi ba.